Tsakuwar da Malam Labbo Bai Ciro Ba

Malam Labbo ba mugun mutum ba ne, amma babu abin da ke faranta masa rai kamar ya ga kamfani ya karye. Ɗalibansa na makarantar koyon kasuwanci a Birnin Kebbi duk sun san haka. A lokacin garin yana cikin Jihar Sakkwato, ko alli ne ya ƙare sai an jira mota daga can, saboda haka yawancin malamai sukan karanta wa ɗalibai littafi ne a yi ta hamma tare. Shi kuwa sai ya shigo aji da jakar fata a hammata da gwangwani cike da marafan kwalba, ya ce a ture kujeru gefe.

Wasa ne ya ƙirƙiro da kansa. Yakan raba ɗalibai gida-gida, kowane gida kamfani ne da shugabansa, marafan kwalba su ne jari. Zagaye ɗaya shekara guda ne. Kamfani ya haɗa kai ya yanke abin da zai zuba a sana'a, da abin da zai raba wa masu hannun jari, da abin da zai ɓoye don ɓacin rana. In kowa ya gama, sai Malam Labbo ya tura hannu cikin jaka ya ciro tsakuwa ɗaya, ita ce abin da shekarar ta zo da shi. Fara, kasuwa ta yi kyau. Ja, kaya sun yi tsada. Baƙa kuwa masifa ce. Kamfanin da ya tara komai wuri guda bai bar ajiya ba, ranar da baƙa ta fito ya karye ke nan, shugabansa ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa, saura su rabe kayansa yana kallo.

"Wanda yat tsaya bakin ƙohwa sau guda," in ji Malam Labbo, yana dariya har da riƙe ciki, "ba ya mance amfanin ajiya har shi mutu."

Tsakuwoyin shi ya tsince su. Farare da jajaye a bakin titi ya samo su, masu kaushi. Baƙar kuwa a gaɓar gulbi ya ɗauke ta wajen Zauro, ruwa ya goge ta ta yi santsi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa wannan wani abu ne ba.

Da rani ya kama, ofishin da ke kula da ƙungiyoyin manoma ya nemi a ba shi malamin da zai koya wa shugabannin ƙungiyoyi yadda ake tafiyar da dukiyar jama'a. Aka ce ai ga mai wasan marafai. Aka tura shi Argungu, wurin wata ƙungiyar manoman shinkafa. Da ya ji sunan ƙungiyar sai da ya nemi wuri ya zauna, domin shugabanta Alhaji Maiwada ne, mahaifin matarsa Rahmatu.

Tsakanin Malam Labbo da Alhaji Maiwada babu komai sai alheri, kuma shi ne nauyin. Lokacin da Labbo ya je neman aure ba shi da uba, ba shi da komai sai keke da albashin ƙaramin malami. Dattijon bai tambaye shi abin da ya mallaka ba, ya ba shi 'yarsa, ya kuma tsaya masa a matsayin uba. Tun daga ranar Labbo bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin ko goro a gabansa ba. Tun daga kan kwana yake cire takalmi in zai gaishe shi.

Fadamar mutanen Alhaji Maiwada ƙwarya ce. In gulbi ya cika, nan ruwa ya fi zurfi a duk yankin, shinkafar kowa nutsewa take yi a ciki sai iri ɗaya. Kakan Alhaji, wani mutum da ake kira Tamba, shi ya ƙarar da rayuwarsa yana bin gona cikin kwalekwale yana tsinke zangarniyar da ta fi sauran ɗaga kai, yana ware ta, har aka sami irin da ake ce wa jan Tamba. Ba ta da yawan amfani, ja ce, tana da tauri, matan birni ba sa son ta. Amma ruwa na hawa tana hawa, ko ya shanye dogon mutum sai an ga kanta a sama. Dokar da Tamba ya bari ita ce ba a ajiye irin a gidan kowa, don kada yunwa ta sa a daka shi. Rumbu ɗaya ne, a bayan gidan Alhaji. Da shuka kowa ya zo a auna masa, da kaka ya mayar har da ƙari. Duk duniya in ba a cikin rumbun nan ba babu inda ake samun jan Tamba.

Sai dai an jera shekaru ruwa bai cika sosai ba. Masu shuka sabon iri, gajeren nan mai son taki, suna kwasar ninkin abin da masu jan Tamba ke samu, samari sun fara gunaguni. Malam Labbo ya san da wannan, shi ya sa ya gyara wasansa ya dace da su. Kowane kamfani zai zaɓi yadda zai raba jarinsa tsakanin tsohon iri da sabo. In fara ta fito, mai sabon iri ya ci ninki. In baƙa ta fito, gulbi ya yi ambaliya, duk abin da aka zuba a sabon iri ya tafi. A ganinsa darasin a fili yake, ko makaho zai laluba ya same shi.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gidan Alhaji da hantsi. Liman ya fara tambaya ko wannan ba caca ba ce, aka nuna masa marafan kwalba, ya ce in dai babu mai tafiya gida da su to a yi. Malam Labbo ya bayyana dokoki, ya ɗaga tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗaga baƙar ya faɗi ma'anarta, wuri ya ɗauki "Allah shi kiyaye", wani tsoho har da tofar da yawu. Malam Labbo ya ƙara da cewa wanda kamfaninsa ya karye zai tashi daga tabarma ya koma cikin rana ya tsaya. Aka yi dariya. Duk wannan ya faɗe shi hankali kwance, domin Alhaji yana gefe a kan kujera, shugaba ne, kallo ya zo yi.

Arzika ne ya ɓata lissafin. Shi ne mai riƙe makullin rumbu, taubashin Alhaji ne kuma, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

"Ku bar Alhaji bisa kujera," in ji shi. "Tsoron rana shika yi. Ya san in ya zamna nan, ni ka tashe shi."

Alhaji Maiwada ya miƙe. Ya tattara babbar rigarsa, ya sauko, ya zauna a kan tabarma daidai gaban surukinsa, ya miƙa hannu a ba shi marafai.

Arzika ya raba nasa jarin yadda mai hankali zai yi, rabi tsohon iri, kaɗan sabo, saura ya tura ƙarƙashin cinya. Alhaji ya dube shi, ya yi murmushi, ya tura nasa gaba ɗaya kan sabon iri, ba don ya yarda da shi ba, don dai kada a ce ya bi bayan Arzika. Kowa ya zuba wa jakar ido.

Malam Labbo ya tura hannu. Abin da yatsunsa suka fara taɓawa santsi ne.

A aji da ya ciro ta yana murna. A nan kuwa ya ga abin da zai biyo baya sarai. Zai buɗe tafin hannunsa, sannan shi, Labbo, da bakinsa, ya ce wa mutumin da ya ba shi 'ya ya tashi daga tabarma a ƙofar gidansa, ya tsaya cikin rana da furfurarsa, talakawansa suna dariya, Arzika yana kwashe masa kaya. Ya kuma zama shi ne ya fara ambata wa surukinsa ambaliya ido da ido, damina tana tafe. Wa ya taɓa yin haka ya zauna lafiya da mutane? Ya ce a ransa zagayen farko ne, bari a shiga wasan tukuna. Ya saki mai santsi, ya kama mai kaushi. Fara ce.

Aka ninka wa Alhaji marafansa. Zagaye na biyu ya sake tura su duka. Na uku ma haka. Kowane zagaye tulin da ke gabansa yana ƙara girma, faɗuwar da zai yi tana ƙara muni, hannun Malam Labbo kuma yana ƙara ƙwarewa wajen kauce wa santsi. Kafin azahar Alhaji ya saye kamfanoni biyu, na Arzika yana nan jiya i yau. Samari suka sa shi gaba.

"Baba Arzika, kai gadin rumbu kaka yi, mutane na arziki."

Wasan ya shiga ran mutane fiye da yadda aka zata. Suka roƙi ofis a riƙa turo malamin duk mako, aka yarda. Duk ranar da zai hau babur ya kama hanyar Argungu, Malam Labbo yakan yi wa kansa alkawari cewa yau zai ciro ta. Wani lokaci ya ce zai jira ranar da Alhaji ya yi tafiya, ya karya wani a madadinsa kowa ya gani. Alhaji bai taɓa fashi ba. Wani lokaci ya ce ai dattijo ne, zai gaji ya raba jarinsa da kansa, in ya so baƙa ta fito ba ta kashe shi ba. Amma wa ke canja hanyar da take ci masa? Maimakon haka sauran ne suka koma bin sa, ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ciro baƙar tsakuwa na nufin a tashi dattawan unguwa gaba ɗaya a jera su cikin rana.

Ran nan Arzika ya gaji, ya dafa jakar.

"Malam, baƙar ga tana ciki kuwa? Ko ka bar ta Birni?"

Malam Labbo ya zazzage jakar a kan tabarma. Ga ta nan baƙa wuluk tsakanin 'yan'uwanta. Arzika ya ɗauke ta, ya jujjuya, ya mayar da ita da hannunsa. Sannan ya zaro marafan da ke ƙarƙashin cinyarsa ya tura su kan sabon iri. Aka yi masa tafi. A ranar shi ma ya ci ninki, kuma Malam Labbo ne ya ƙirga masa.

Aka rufe karatun, ofis ya yaba, aka ce ba a taɓa ganin manoma sun riƙe darasi haka ba. Malam Labbo ya rataye jakarsa ya ce wa kansa wasa ne, ya wuce.

Gab da faɗuwar ruwan fari Rahmatu ta je suna Argungu ta dawo gidansu na Badariya da labari. Ƙungiya ta zauna, an yanke za a fasa rumbun jan Tamba a sayar wa mata masu gumi, wato masu turara shinkafa su kai inji, a sayi sabon iri da taki a shuka fadamar kaf. Ta faɗa tana kwance goyo, da alfahari, domin a can kowa cewa yake yi ilimin mijinta ne ya buɗe wa mutane ido.

Malam Labbo ya ajiye cokali. Ya gaya mata komai, har da santsin tsakuwar. Rahmatu ta dube shi.

"Malam, wato kunyar Baba kaj ji?"

"Ke kin san ba ni iya tashe shi gaban mutane."

"Na sani. Da ka tashe shi, da ni ma na yi hushi da kai, ba ni ɓoye maka. Amma da hushin ya wuce kahin sati." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Gobe ka tahi ka hwaɗa mai. Ni ɗiya ta, in na hwaɗi dariya za ya yi, shi ce mi mace tas sani ga rumbu. Kai ka ƙulla, kai ka kwancewa."

Da sassafe ya hau babur. Hanyar duk ya ƙare ta yana shirya magana, ya gyara nan ya gyara can, har ta yi kyau. Ya tarar da Alhaji a zaure, ba shi kaɗai ba, da Arzika da liman da wasu dattawa biyu, ana maganar motar da za ta kawo taki. Ya durƙusa daga bakin ƙofa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka sake tambaya. Alhaji ya nuna shi ga mutanen kamar yau suka fara ganinsa, ya ce ga ɗan da Allah ya ba shi da girmansa.

"Baba," in ji Malam Labbo, idonsa a ƙasa, "na ji batun rumbu. Cewa niy yi, da an rage ko kashi guda an aje."

"Don mi?"

"Saboda ruwa, Baba. Ba a san shekara ba."

"Allah kaɗai ya san shekara," in ji Alhaji. "Amma ai mun gwada. Sau nawa munka zamna gindin tsamiyag ga? Baƙar tana cikin jaka, kowa ya gan ta, Arzika ya taɓa ta da hannunai. Kai ka cirowa, ba ni ba. Ko akwai abin da ba mu gane ba cikin wasan?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Abin da ya rage kawai ya ce, Baba, ni na hana ta fitowa. Amma faɗin haka a zauren nan daidai yake da ya ce wa dattijon, duk cin da ka yi ba kai ka ci ba, lallaɓa ka aka yi kamar ƙaramin yaro, garin nan kaf ya yi ta yi maka tafi a kan banza, ga kuma Arzika zaune yana ji. Tashi daga tabarma ƙaramin abu ne a kan wannan. Malam Labbo ya ji haushin kansa, ya ji tsoro, amma kunya ta fi su ƙarfi duka.

"Babu, Baba," ya ce. "Wasa dai ba ya zama daidai da gona."

"Wanga gaskiya na. Gona ta hi shi albarka."

Dattawa suka yi dariya, aka kawo masa fura, ya ce ya ƙoshi. Ya zauna jiran zauren ya watse ya sami Alhaji shi kaɗai, zauren bai watse ba, mutane sai ƙaruwa suke yi. Da la'asar ya yi sallama. Yana tayar da babur ya hango an jingina tsani a jikin rumbun, mata da jakuna sun yi layi a bayan gida. Da ya koma, Rahmatu ta dubi fuskarsa kawai, ba ta tambaye shi komai ba, ta ɗauke tabarmarta ta koma ɗakin yara.

Damina ta fara da kyau, abin da ya fi ba shi wahala ke nan. Shuka ta fito kore shar, fadama ta yi lif, duk wanda ya zo daga Argungu sai ya biyo ya yi masa albishir. Har ya fara samun barci. Ya fara cewa a ransa wataƙila shekarar fara ce, in aka yi girbi lafiya sai ya lallaɓa a nemo tsohon irin a mayar rumbu, babu wanda zai san an yi.

Cikin watan Agusta sama ta ɓalle. Aka yi ta ruwa a gabas ba ƙaƙƙautawa, gulbi ya taso ja, ɗauke da itatuwa da rufin bukkoki. A Zauro ma ya yi ɓarna, amma can akwai tudu-tudu, an tsira da wani abu. Fadamar su Alhaji kuwa ƙwarya ce, ta cika ta batse. Malam Labbo ya je ya tsaya a kan gaɓa tare da mutane. Iyakar ganinka ruwa ne shimfiɗe, babu ko ganye ɗaya a samansa. Tsofaffi suka ce sun sha ganin ruwa kamar wannan, har wanda ya fi shi, amma ba su taɓa ganinsa babu kan shinkafa a bisa ba. Wata mata ta zauna a cikin laka tana kuka ba sauti.

Rashin amfanin shekara ɗaya ba sabon abu ba ne a wurin mutanen gulbi. Akwai kamun kifi, akwai albasa da rani, akwai dangi a tudu masu gero. Abin da ya sa maza suka kasa haɗa ido shi ne baɗi. Ruwan ya nuna ya dawo, kuma babu abin da za a shuka a ƙwaryar nan ya rayu sai abin da aka sayar.

Da ruwa ya fara ja aka taru a gindin tsamiya. Malam Labbo ya zauna can baya. Ya zo da shirin a zage shi, har yana fatan haka. Wani saurayi ya fara cewa wasan malamin Birni ne ya jawo, Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Dattijon ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Kada wanda ya taɓa Malam. Ya zaka nan ya ce a rage, gaban liman, ni na ƙi. Wasa bai yi muna ƙarya ba, baƙar tana ciki, mun gan ta. Ni ad da laihi. Abin da kakana ya tara, ni na buɗe ƙohwa anka kwashe."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce a nemi wani shugaban. Arzika, wanda kowa ke jiran ya ce ai na faɗa, bai ce ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin rumbun da babu komai a ciki, domin shi ma da bakinsa ya amince a ranar da aka yanke. Malam Labbo ya buɗe baki ya rufe. Yanzu kuma in ya yi magana, ya ƙwace wa dattijon abu na ƙarshe da ya rage masa, wato ɗaukar laifin da kansa.

Sai ya sa wa ransa cewa zai nemo irin. Ya ɗauki hutu a makaranta, ya bi sawun buhunan. Kulsumi, babbar mai gumi ta Argungu, ita ta sayi mafi yawa, ta ce nata ya daɗe da shiga tukunyar mutane, amma ta sayar wa wasu mata a Augie da Birnin Kebbi. Ya je Augie, an cinye. Ya bi gida-gida, yana tsayawa a zaure yana sallama, ana amsa masa daga ciki. Shinkafa ta yi tsada a shekarar, babu mai ajiye ta. Babur ɗinsa ya lalace ya gyara, takalminsa ya tsinke, mutane suka fara cewa malamin nan lafiyarsa kuwa.

A tsohon garin Birnin Kebbi, bayan ya fid da rai, aka kwatanta masa gidan wata tsohuwa da ake kira Uwa. Ta leƙo daga bayan labulen zaure, ta ce eh, tana da ja ta Argungu, saura buhu ɗaya, gobe za a kai inji.

"Kada a kai, Inna. Ni ka saye."

Aka jawo buhun. Ya kwance bakinsa. Shanshera ce, da ɓawonta, doguwa, mai jan baki, ita ce ba wata ba. Bai yi ciniki ba. Tsohuwar ta yi mamakin ɗan boko mai son jar shinkafa haka, ta ce Allah ya sa iyali su ci lafiya. Bai tsaya jin ƙarshen addu'ar ba, bai ma biya gida ya nuna wa Rahmatu ba. Ya ɗaure buhun a bayan babur ya kama hanyar Argungu. Buhu ɗaya ba ya shuka fadama, amma ya shuka gona guda, gonar ta ba da iri, cikin 'yan shekaru rumbu ya dawo. Lissafi aikinsa ne, ya yi shi ya sake yi a kan hanya, yana fita daidai. Rabonsa da jin sanyi a ƙirji haka tun kafin damina.

Kafin ya kashe babur labari ya zaga unguwa. Maza suka fito, mata suka cika bakin ƙofofi. Aka sauke buhun a gindin tsamiya, aka shiga aka kira Alhaji, ya fito yana dogara sanda, abin da ba ya yi a da. Malam Labbo ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, na samo. Jan Tamba ta."

Dattijon ya sunkuya ya tura hannu cikin buhun har wuyan hannu, ya ɗebo. Ya daɗe yana kallon abin da ke tafinsa. Ya kai hanci ya shinshina. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɓare da farce, ya sa a haƙori ya ciza. Ya miƙa wa Arzika sauran, Arzika ya duba, ya juya baya.

Alhaji Maiwada ya mayar da ƙwayoyin cikin buhu a hankali, ya kakkaɓe tafinsa a ciki don kada ko ɗaya ta faɗi ƙasa. Ya ɗago ya dubi jama'a.

"Ita ta," ya ce. "Malam ya kawo muna abinci. A kai inji, a raba. A hwara da gidajen da ad da ƙananan ɗiya."

Malam Labbo bai gane ba. Ya ɗaga kai zai ce a'a, Baba, iri ne, na shuka ne. Arzika ya dafa kafaɗarsa, ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Gumi ta, Malam. An turara ta, shanya ta anka yi. Ba ta tsira."

Mutane suka fara janyewa ɗaya-ɗaya. Malam Labbo yana nan durƙushe. Ya ji sandar dattijon ta matso kusa da shi, ya ji hannu a kan hularsa.

"Ka wahala sabo da mu, ɗana. Tun da kaz zaka gidan ga ba ka taɓa ba ni kunya ba. Allah shi yi maka albarka."

Ba a barin albarkar suruki ba amsa. Malam Labbo ya ce amin. Alhaji ya juya ya shiga gida, wasu samari biyu suka kama buhun suka nufi inji da shi.